DA RUWAN WA AKE WANKE YURANIYOM?

(Wannan shi ne matanin laccar da aka gabatar a zaman wata-wata na 'yan'uwa a Fagge, cikin birnin Kano. Mun kawo ta yadda take domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



 Maudu'in da aka ɗora mana a yau shi ne haƙar ma'adinin yuraniyom a cikin hamada, da irin ruwan da wannan haƙa take sha, da kuma dabarar nan ta cire gishiri daga ruwan teku wadda wasu ƙasashe suka koma gare ta. Mai yiwuwa wani ya ce, to ina ruwan mutumin Fagge da wannan, alhali ba mu da teku, ba mu kuma da mahaƙar yuraniyom? Amsa ita ce, duk wanda ya san asalin unguwar nan ba zai yi wannan tambaya ba. Fagge masaukin ayari ce tun da can. A nan bayan ganuwa fataken Azbin suke sauke raƙumansu da gishirin Bilma, su ɗauki hatsi da baƙin Kura su koma arewa. Har gobe in ka shiga Kantin Kwari za ka tarar da mutanen Agadas da na Tawa da na Maraɗi suna ɗaure diloli, kuma ba a rasa gidan da ke da ɗa ko ƙane da ya taɓa zuwa neman abinci a Arlit. Saboda haka maganar gida ce muke yi.

Bari mu fara da shi kansa dutsen. Yuraniyom ƙarfe ne mai nauyi wanda ake kunna tashoshin lantarki na nukiliya da shi, kuma da shi ake haɗa bam ɗin nan da aka jefa wa birnin Hiroshima a 1945. Ba a samun sa a dunƙule kamar yadda ake tsintar zinariya a rafi. A warwatse yake cikin dutse, ɗan kaɗan ƙwarai. A mahaƙar Arlit, in aka fasa dutse tan guda, wato kilo 1,000, abin da za a samu bai wuce kilo biyu zuwa uku ba. A wasu mahaƙan Namibiya kuwa ko rabin kilo ba ya kaiwa. Ke nan wanda yake son tan dubu na yuraniyom sai ya niƙe tsauni guda.

Hanyar haƙa iri-iri ce. Akwai ta ƙarƙashin ƙasa, inda ake fafe ramuka ana bin jijiyar dutsen. Akwai kuma ta buɗaɗɗen rami, wadda ita ce maganarmu: a yaye ƙasar sama baki ɗaya, a riƙa fasa dutse da nakiya, manyan motoci suna kwasa, ramin yana faɗi yana zurfi hawa-hawa kamar matakala. Wanda ya san kududdufan da aka haƙa ƙasar gini a cikin birni ya san siffar abin, sai dai wannan kududdufi ne da zai haɗiye unguwanni. Daga nan a kai dutsen injin niƙa ya zama gari, a dama shi da ruwa, a zuba masa ruwan asid irin na batir wanda ake haɗawa daga farar wuta, shi ne zai narkar da yuraniyom ɗin ya raba shi da tsakuwa. A tace, a sake wankewa, a busar, sai a sami wani gari mai launin ruwan ɗorawa, a ɗura a durom-durom a yi waje da shi. To ku lura, 'yan'uwa, kowane mataki a nan ruwa yake ci. Niƙa da ruwa, damu da ruwa, wanki da ruwa, hatta hanyoyin da motoci suke bi a cikin ramin sai an yi ta yayyafa musu ruwa dare da rana don kada ƙura ta tashi, domin ƙurar ita kanta cuta ce. Ga kuma dubban ma'aikata da iyalansu da aka tara a wurin da a da ba kowa sai makiyayi mai wucewa. Abin mamaki, da yawa daga manyan mahaƙan wannan ƙarfe a Afirka suna wuraren da ruwan sama ya fi ƙaranci.

Mu ɗauki na kusa da mu. A shekarar 1957 masu binciken ƙasa na Faransa suna neman tagulla a Azelik, yamma da Agadas, sai suka ci karo da yuraniyom. Wannan Azelik ɗin ita ce masana tarihi da dama suke ganin tsohuwar Takedda ce, garin tagullar da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, kuma ta yankin ne Shehu Magili ya biyo kafin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Nijar ta sami 'yancin kai a 1960. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, ya fara fitar da kaya a 1971 ta hanyar buɗaɗɗen rami, aka kuma gina garin Arlit dominsa, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. A 1974 aka kafa na biyu, COMINAK, a Akokan, dab da Arlit, shi kuma na ƙarƙashin ƙasa ne mai zurfin mita 250, ya fara aiki a 1978. Uwar kamfanonin ta Faransa ta yi ta sauya suna, daga COGEMA zuwa Areva a 2001, zuwa Orano a 2018, amma hannu ɗaya ne. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, har ana kiranta hanyar yuraniyom. Aka buɗe mahaƙar gawayi ta SONICHAR kusa da Cirozerin don ba mahaƙan wuta. Kayan kuwa, har zuwa 2023, a mota ake saukar da shi zuwa Paraku a ƙasar Benin, a sa shi a jirgin ƙasa zuwa Kwatano, daga nan jirgin ruwa ya wuce da shi Faransa.

Maganar farashi da rabon riba kowa ya ji ta, ba za mu daɗe a kanta ba. An san cewa Shugaba Diori Hamani yana tsakiyar neman ƙarin farashi ne, bayan tashin kuɗin mai na 1973, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu, 1974, ko da yake fari da yunwar wancan lokaci su ma suna cikin dalilan da aka bayar. An kuma san cewa Faransa tana samun kusan kashi biyu bisa uku na wutarta daga nukiliya, alhali a Nijar wanda yake da lantarki a gidansa bai wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, kuma har zuwa 2023 mafi yawan wutar da ƙasar take amfani da ita daga Nijeriya take saye, kamar yadda aka gani lokacin da aka yanke ta a watan Agustan 2023. Wannan duk gaskiya ne. Amma akwai lissafin da ba a cika yi ba, kuma a ganinmu ya fi na kuɗi nauyi, shi ne lissafin ruwa.

Ruwan saman da Arlit take samu a shekara ba ya kaiwa milimita 100, wata shekarar ma sai dai yayyafi. Kano kuwa takan sami wajen 800 ko fiye, mu da muke kukan ruwa ke nan. To daga ina aka samo ruwan wanke dutse na shekara hamsin? Daga ƙarƙashin ƙasa. Akwai wasu shimfiɗu na dutsen yashi a can ƙasa da suke riƙe da ruwa kamar soso, mafi shahara a cikinsu ana ce masa Tarat. Wannan ruwa ba na daminar bara ba ne, ba kuma na zamanin kakanninmu ba. Ya taru ne dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da tafkuna da ciyawa, har mutanen lokacin suka zana raƙuman dawa a jikin duwatsun Azbin, irin zanen da yake Dabous, tsakanin Agadas da Arlit. Rijiyar gidanka a Fagge in ta ja baya da bazara, damina tana zuwa za ta dawo. Wancan kuwa in an ɗiba an ɗiba ke nan, abin da yake komawa cikinsa bai taka kara ya karya ba. Kamar rumbun gado ne wanda ba a zuba masa sabon hatsi.

Alƙaluman da kamfanin da kansa ya bayar, waɗanda ƙungiyar Greenpeace ta kawo a rahotonta na 2010, sun nuna cewa a cikin kimanin shekara 40 an zuƙo lita biliyan 270 na wannan ruwa a Arlit da Akokan. Domin mu fahimta, jarkar da mai kura yake kawo mana lita 25 take ci. Ku raba ku gani: jarka sama da biliyan goma. Adalci ne mu faɗa cewa ba duka ne ya tafi masana'anta ba, wani kaso mai yawa shi mutanen garuruwan biyu suka sha suka yi wanka. Amma su ma ai mahaƙar ce ta tara su a wurin, kuma ita ce take riƙe da famfon.

Ba raguwa kaɗai ba ce matsalar. Shi dutsen yuraniyom yana cikin shimfiɗun da suke maƙwabtaka da ruwan ne, wani wurin ma a cikinsa yake, saboda haka kafin a kai gare shi sai an huda ta cikin ruwan, an zuƙe shi don kada ya cika ramin. Dutsen da ya shekara dubbai a rufe ya haɗu da iska, abin da ke cikinsa ya sami hanyar narkewa. A watan Disambar 2003 wata cibiyar bincike mai zaman kanta ta Faransa mai suna CRIIRAD ta je Arlit bisa gayyatar wata ƙungiyar mutanen garin, Aghirin'man, wadda wani ma'aikacin mahaƙar, Almoustapha Alhacen, ya jagoranci kafawa. An ƙwace musu manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, duk da haka suka auna abin da suka iya. A watan Nuwambar 2009 Greenpeace ta je, ta ɗebi ruwa a wuri biyar, huɗu daga ciki yuraniyom ɗin da ke cikinsu ya haura iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa ruwan sha. A wani titi na Akokan suka tarar da turirin da ke fita daga ƙasa ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda an yi cikon hanyar da tarkacen dutsen mahaƙa. Kamfanin ya musanta wasu daga cikin waɗannan sakamako, ya ce ruwansa yana kan ƙa'ida, amma ya kwashe cikon titunan, a 2011 kuma aka kafa wata cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi bayanin wannan turiri, domin shi ne abin da ya sa cutar take da wuyar ganewa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Ruwan da ke ɗauke da shi garai-garai yake, ya fi na kududdufi kyan gani nesa ba kusa ba. Yuraniyom in ya yi yawa a ruwan sha ƙoda yake fara taɓawa. Daga cikin dutsen kuma wata iska take fita mai suna radon, wadda in mutum ya daɗe yana shaƙa takan jawo sankarar huhu, sau da yawa bayan shekara goma sha ko ashirin, lokacin da ma'aikaci ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, babu mai danganta tarinsa da ramin da ya bari. Sannan ga dusar da ta rage bayan an cire yuraniyom ɗin. Kada ku zaci an cire dafin. Kimanin kashi 80 cikin ɗari na turirin yana nan a cikin dusar, domin sauran sinadaran da ke tare da shi ba a taɓa su ba. Ɗaya daga ciki, radiyom, sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, wani kuma sai shekara 75,000.

Ranar 31 ga Maris, 2021, COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da kimanin tan 75,000, aka ce jijiyar ta ƙare. Abin da ya bari shi ne tsibin dusa na kimanin tan miliyan 20, a fili mai faɗin kadada 120, tsayinsa a wani wurin ya kai mita 35, kilomita kaɗan daga gidajen mutane, a ƙasar da iskar hunturu take kaɗawa wata da watanni. Shirin da kamfanin ya gabatar shi ne a lulluɓe tsibin da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu. Mita biyu, a kan abin da lissafinsa na dubban shekaru ne.

Yanzu mu tsallaka zuwa kudu maso yammacin Afirka, mu ga wata hamadar da irin wannan dutse, amma ita tana da abin da Arlit ba ta da shi. Namibiya tana cikin ƙasashe uku da suka fi fitar da yuraniyom a duniya, tare da Kazakistan da Kanada. Hamadarta, Namib, ta sauko ne har bakin tekun Atlantika, rairayi yana taɓa igiyar ruwa. A garin Swakopmund na bakin teku ruwan saman shekara ba ya kaiwa milimita 20. Kimanin kilomita 70 daga nan akwai mahaƙar Rossing, wadda ta fara aiki a 1976, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mamayar gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, duk kuwa da dokar da wata majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Namibiya ta kafa a 1974 ta hana ɗibar arzikin ƙasar. Ramin Rossing tsawonsa ya kai kilomita uku, faɗinsa ɗaya da rabi, zurfinsa ya doshi mita 400. Kamfanin Rio Tinto ne ya riƙe ta har 2019, ya sayar wa wani kamfanin gwamnatin Sin. Kusa da ita akwai Husab, wadda ta fi ta girma, ita ma ta mutanen Sin, ta fara a ƙarshen 2016.

Shekara da shekaru su ma ruwan ƙasa suka sha, daga ƙarƙashin busassun kogunan Omaruru da Kuiseb, tare da garuruwan Swakopmund da Walvis Bay, har rijiyoyin suka fara gazawa. Da farashin yuraniyom ya yi tashin gwauron zabi a 2007, ya haura dala 130 kowace laba, sai Areva, wato dai kamfanin nan na Arlit, ya sayi wata sabuwar mahaƙa mai suna Trekkopje. Ruwan ƙasa ba zai ɗauki nauyinta ba, sai kamfanin ya gina matatar ruwan teku a wani wuri da ake kira Wlotzkasbaken, arewa da Swakopmund, aka buɗe ta a 2010, mai iya ba da lita biliyan 20 a shekara.

Yadda take aiki ba sihiri ba ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, shi ya sa ba ya shayuwa, ba ya kuma yin ban-ruwa. Tsohuwar dabara ita ce a tafasa shi a tari tururin, gishirin ya zauna a ƙasan tukunya. Sabuwar kuwa ita ce a matsa ruwan da ƙarfin inji ta cikin wata irin fata mai ƙofofin da ido ba ya gani, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Matsin da ake bukata ya ninka iskar tayar mota wajen sau talatin, kuma kowace lita dubu tana cin wutar lantarki yunit uku zuwa huɗu. Cikin lita ɗari da aka ja daga teku, abin da zai fito mai daɗi bai kai rabi ba, sauran ya koma teku da gishiri ninki biyu. Mutanen Tigidda da na Bilma suna shanya ruwa a rana ya ƙafe don su kwashi gishirin su kawo mana Fagge. Waɗannan kuwa gishirin suke zubarwa.

Kuma duk alhajin da ke cikin wannan zama ya sha irin wannan ruwa, ko ya sani ko bai sani ba. In ka cire Zamzam, mafi yawan ruwan famfon da ake alwala da shi a Makka da Mina da Arfa daga tekun Maliya yake, daga matatar Shu'aiba, na Madina kuma daga Yanbu. Tun 1907, a zamanin Turkawa, aka kafa injin tafasa ruwan teku a Jidda, wanda mutanen garin suke kira Kindasa. Saboda haka dabarar ba baƙuwa ba ce, kuma ni'ima ce babba ga wanda ya sami iko.

To amma ku saurari abin da ya biyo baya a Namibiya. A watan Maris na 2011 aka yi hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, farashi ya faɗi warwas, aka jingine Trekkopje tun ba ta fara aiki sosai ba. Matata ta rage ba mahaƙa. Daga 2013 sai kamfanin ya koma sayar wa hukumar ruwa ta ƙasar, NamWater, ita kuma ta sayar wa sauran mahaƙan da garuruwan yankin. Wato kamfanin da ya zo haƙar dutse ya zama mai garuwar jiha guda. An yi cinikin gwamnati ta saye matatar, ba a daidaita ba, sai a 2024 gwamnati ta sanar da amincewa da gina ta biyu. Haka nan a wasu lokuta tekun yankin yakan tumbatso da farar wuta daga ƙarƙashinsa, dole a kashe injuna, mahaƙai su rage aiki, gari ya shiga layi. Duk da haka, mu faɗi gaskiya, wannan ya fi na Arlit sauƙi: wanda yake son wanke dutsensa ya biya kuɗin ruwan, ruwan ƙasa kuma ya ɗan sami hutu.

Ga tambayar da muke so kowa ya tafi da ita. Kamfani ɗaya ne, ƙarfe ɗaya ne, hamada ce nan hamada ce can. A can ya kashe maƙudan kuɗi ya samo ruwansa, kuɗin ya shiga lissafin kowane durom da zai sayar. A nan ya tarar da rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ba muna cewa a jawo teku zuwa Arlit ba ne. Daga can zuwa gaɓar Kwatano ko Legas, ko tsuntsu ne sai ya yi sama da kilomita 1,300, ga hawa, ga iyakoki, wutar da za ta tura ruwan kaɗai ta isa ta cinye ribar. Abin da muke cewa shi ne, matatar Namibiya ta nuna mana cewa ruwan wanke yuraniyom yana da farashi, kuma farashin ba ƙarami ba ne. In ba a ga wannan kuɗi a cikin lissafin Arlit ba, to ba don babu shi ba ne, wani ne yake biya: makiyayin da rijiyarsa ta ƙara zurfi, da mai lambun Akokan, da yaron da za a haifa a garin bayan motar ƙarshe ta tafi.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Muhtasar suka sani, ma'adinai ba mallakar wanda ya tono su ba ne, al'amarinsu yana hannun shugaba ne ya sarrafa su bisa maslahar jama'a. Game da rijiyoyin daji kuma sun yi bayanin cewa ba a hana rarar ruwa, kuma ƙishin ɗan Adam shi ne gaba, sannan na dabba, kafin a zo ga shuka. In shuka ma tana bayan raƙumi a layi, ina matsayin dutse? Kalmar maslaha kuwa ba ta tsaya kan mutanen da suke raye a yau ba.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya faru a 'yan shekarun nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, hukumomin Nijar sun janye lasisin Orano na Imouraren a watan Yunin 2024. Imouraren tana kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, tana cikin mafi girman jijiyoyin yuraniyom a duniya, an ba da lasisinta a 2009 da niyyar buɗe ƙaton rami, aka dakatar da aikin bayan faɗuwar farashi. A watan Disambar 2024 Orano ya ce SOMAIR ya fita daga ikonsa, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da shi mallakar ƙasa, alhali a da kaso 63 da ɗoriya na Faransawa ne. Kamfanin ya kai ƙara kotun sasanta rikicin zuba jari ta duniya. Mun ga yadda 'yan'uwa da dama suka yi murna, kuma muna fahimtar dalili, domin ba wanda ya ƙi a ce dukiyar ƙasa ta koma hannun masu ita. Sai dai Tarat bai san tutar kowa ba. Injin da ya zuƙi ruwa a ƙarƙashin Bafaranshe haka zai zuƙa a ƙarƙashin ɗan ƙasa, ko Basine, ko Barashe. Mahaƙar Azelik ta mutanen Sin ce, ta yi 'yan shekaru ta tsaya wajen 2015, ita ma makiyayan Ingal sun yi kuka da ita. Sannan ga tambayar da ta fi gaggawa: in mai gida da baƙo sun rabu baram-baram suna gaban alƙali, wa zai ƙarasa rufe tsibin Akokan, wa zai ci gaba da auna rijiyoyin, da kuɗin wa? Duk mai ƙaunar mutanen Nijar wannan ya kamata ya riƙa tambaya, ko da a cikin taron murna ne.

Kada kuma mu ɗauka abin na can nesa ne. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen a tsakar gida, a turmin da ake daka hatsi. A nan gida, kowa ya san launin ruwan Jakara da Getsi bayan sun ratsa gari da Bompai, ya san abin da majemun Sharaɗa da Challawa suke zubarwa, ya kuma san cewa da wannan ruwa ake ban-ruwan wani latas ɗin da muke saye. Kowane mai hali a Fagge da Sabon Gari ya haƙa burtsatse, kowace sabuwa ta fi ta maƙwabci zurfi, ba mai lissafin abin da ya rage. Ana kuma ta ba da lasisin haƙar sababbin ma'adinai a jihohin Arewa, kuma da wuya ka ji an tambayi mai lasisi daga ina zai ɗebi ruwa, ina kuma zai zubar da dusarsa.

Akwai abu guda da ya shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. Daga cikin abin da masu binciken 2003 suka tarar a kasuwar Arlit har da tsofaffin ƙarafa da bututu da suka fito daga masana'antar, suna fitar da turiri, ana sayar da su ga maƙera da magina, wasu ana yin kayan gida da su. 'Yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan, da direbobin da suke lodi daga arewa, su san asalin abin da suke ɗauka. Bututu ko tanki ko ƙyallen tacewa da ya fito daga wurin sarrafa yuraniyom ba abin yin tukunya ba ne, ba abin tara ruwa ba ne, ba kuma abin shimfiɗa ba ne, komai arharsa, kuma wanki ba ya raba shi da abin da ke jikinsa. Ido ba ya ganewa, sai na'ura. Masu na'urar kuwa ba su yi mana nisa ba: akwai cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda take da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004, akwai kuma hukumar tarayya mai kula da harkar nukiliya a Abuja. Ƙungiyar 'yan gwangwan tana iya rubuta musu takarda ta nemi a zo a auna musu kaya. Wanda kuma yake da ɗan'uwa da ya yi aiki a Arlit ko Akokan, in ya kai shi asibiti da tari mai naci ko ciwon ƙoda, ya gaya wa likita inda ya yi aiki da yawan shekarun da ya yi, ko da likitan bai tambaya ba.

Ɗalibanmu da suke karatun ilimin ƙasa da na ruwa a Jami'ar Bayero da Wudil, muna roƙon su kawo mana a zama na gaba bayanin zurfin burtsatsen unguwannin Fagge, daga wadda aka haƙa shekara ashirin da suka wuce zuwa ta bana, ko da ta hanyar tambayar masu gidajen ne da masu haƙar.

Nan za mu dakata saboda lokacin salla ya gabato. Bayan an idar za a buɗe fagen tambayoyi, 'yan'uwa mata kuma su miƙo nasu a rubuce kamar yadda aka saba.